Shekarar da Aka Wanke Hannu

'Yata ta biyu sikila gare ta, don haka na san ɗakin kwantar da yara kamar yadda na san madafata. Tun tana goye muke zuwa. In ciwon ƙashi ya motsa, adaidaita ta fito da mu daga ƙauye zuwa Jahun, daga nan mota ta kai mu Dutse. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don gobe ma can za mu koma.

Duk uwar da ta daɗe tana jinya ta san da ciwo ɗaya ake shiga, a fito da biyu. Yaro zai zo da ƙuna ko zazzaɓi, kafin a sallame shi cikinsa ya ɓare da gudawa. Igiyar shanya ta bayan ɗakin kullum a cike take da tsummoki. Mukan ce canjin ruwa ne, mu yi ta haƙuri. Ga 'yata kuwa gudawa ba ƙaramin abu ba ce. In ruwan jikinta ya tsiyaye, ciwon ƙashin sai ya dawo sabo fil, har ya fi wanda ya kawo mu.

Sai korona ta zo. Muka tarar da bokiti mai famfo a bakin ƙofa, ga sabulu, ga mai gadi a tsaye ba ya dariya. Ko kai waye sai ka wanke hannu. Tankar ruwa ba ta fashi. Mai jinya ɗaya ga yaro ɗaya, dubiya kuma aka hana. Na yi kuka a kan wannan, don jinya babu dangi kamar zaman maraici ne. Amma duk kwanciyar da muka yi a shekarar, cikin 'yata bai ɓaci ba. Igiyar shanya ta koma ta ɗankwali da zane. Wata 'yar Ringim da gadonta ke kusa da namu ta ce, "Ashe zawo ma tsoron korona yake ji." Muka yi dariya a bayan takunkumi.

Da daminar bara muka koma. Babu komai a bakin ƙofa. Bokitin na gan shi a ɗakin mai gadi, an zuba ƙanƙara da ruwan leda na sayarwa. Takardar da aka manna a bango tana nan, da hoton hannuwa biyu suna kumfa. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, a hankali nake haɗa baƙi, na tsaya na karanta ta har ƙarshe: a wanke hannu da sabulu. Na duba ƙarƙashinta, busasshiyar ƙasa.

Ciwon ƙafa ya kai mu, kuma har ya fara sauka sai gudawa ta kama 'yata. Ido ya faɗa, leɓe ya tsage, ciwon ya hau ƙirji. Yarinyar da ba ta kuka saboda sabo, ranar sai da ta cije mini hannu. Aka ƙara mata ruwa, aka ƙara mata jini. Likita ya ce an gwada bayan gidanta, ƙwayar cuta ce irin wadda hannu ke kaiwa baki, kuma in ta sake kama ta yanzu jikinta ba zai ɗauka ba.

Na samu wata nas da muka saba, na ce, "Malama, ina bokitin nan namu?"

Ta ce, "Mama, ai korona ta wuce." Sai ta dube ni, ta buɗe jakarta ta nuna mini guntun sabulu a leda. "Nawa ke nan, daga gida nake zuwa da shi. Kin ɗauka ba mu ga yadda gudawa ta dawo ba? Mun faɗa har mun gaji."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ko 'ya'yana ban iya yi wa tsawa ba. Amma abin yana cina har yau. Ashe ana iyawa! Ashe akwai ruwa, akwai sabulu, akwai mai tsayawa a ƙofa. Da cutar ta zo mai kama manya, masu hawa jirgi, nan da nan aka samo komai. Wadda take tsiyaye 'ya'yanmu tun kaka da kakanni, ba a shelarta a rediyo, ba ta isa a bar mata bokiti ɗaya ba. Da ban taɓa gani ba, da na ci gaba da cewa canjin ruwa ne.

Na sayi sabulu da sabuwar buta na ajiye a gindin gado. Saye bai yi wuya ba. Da, doka ce take cewa a wanke hannu, ba wanda zai ji haushina. Yanzu sai dai bakina.

Ranar Juma'a yayar baban yarinyar ta zo dubiya da matan gidanmu. Mace ce mai kirki, ba ta shiga ɗakin marasa lafiya ta wuce gado ba ta yi sannu ba. Ina kallo ta taya wata uwa ɗaga yaron da ya ɓata shimfiɗa, ta goge hannu a gefen mayafi, ta iso wajenmu. Ta buɗe kwanon fura, ta gutsuri curi za ta sa wa yarinyar a baki.

Na ce, "Yaya, don Allah ga buta ga sabulu."

Ta ce, "Na me?"

"Ki ɗan wanke hannu, likita ne ya ce."

Ta juya wajen matan. "Kun ji 'yar boko. Da alwalata na fito, ke! Hannun nan shi ya karɓe ta ranar da kika haife ta, kina ta kiran uwarki. Yau shi ne ƙazanta?"

Suka yi dariya. Ta miƙa hannu, yarinyar ta buɗe baki don ba ta iya yi wa gwaggonta musu. Sai na riƙe wuyan hannun. Ban taɓa taɓa jikin Yaya ba sai a gaisuwa. Na ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Ba za ta ci ba."

Ta rufe kwanonta, ta ce Allah ya ba da lafiya, ba ta dube ni ba. Matan suka bi bayanta.

Bayan an sallame mu, baban yarinyar ya ce in je in ba Yaya haƙuri. Na je, na durƙusa, na ce na yi kuskure da na riƙe hannun babba. Ta jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Har yanzu da hanci take amsa gaisuwata, kuma da aka yi sunan jikanta daga bakin maƙwabta na ji. Ban ga laifinta sosai ba. Waɗanda suka janye dokar suka bar ni ni kaɗai a gaban gado su nake ƙullace da su, ga shi ko fuskarsu ban sani ba.

Gudawar ba ta dawo ba. 'Yata da ƙafarta ta sauka daga adaidaita, ta shiga gida tana tambayar wa ya taɓa mata littattafai.