Neman Izinin Wanzami

Shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, na tayar da babur daga Talata Mafara. Babanmu, Garba, ne ke da ciwon daji a maƙogwaro. Likitocin wani asibiti a ƙasar waje sun ce za su cire shi da mutum-mutumi, wata na'ura mai siraran hannuwa da ke shiga ta baki, amma suna son amsa kafin Alhamis. Baba kuwa ya kafe, wai ƙarfe ba zai taɓa wuyansa ba sai da izinin Labbo, wanzamin da ya cire masa beli yana ɗan kwana bakwai. Labbo ba ya riƙe waya. Haushi kamar ya kashe ni, amma na tafi.

Bakura

Bakwai saura na isa gidan Labbo. Matar Labbo ta gaishe ni, ta tambayi gidanmu ɗaki-ɗaki har da awaki, ta dama fura na sha. Sai da na ajiye ludayi ta ce ai malam yana Maradun wajen ɗiyarsa tun shekaranjiya.

"Inna, shi ne ba ki faɗa ba?"

"To ka tambaya?"

Na juya, na sake ratsa Mafara. A shingen bayan gari jami'i ya tambaye ni ina za ni. Na faɗa masa gaskiya, ya matso ya sunsuna bakina kafin ya ɗaga sanda.

Maradun

Goma da kwata na iske tsohon a gindin darbejiya.

"Na'ura? A wuyan Garba? Gidan wa tak koyi aska?"

Na nuna masa bidiyon aikin a wayata. Sau uku ya kalla, hancinsa na goga gilashi.

"Wanga hannu bai rawa?"

"Ba ya yi, Baba. Likita ke juya shi daga kujera."

Ya zaro nasa hannun daga cikin riga. Karkarwa yake kamar ganye.

"Shekara bakwai rabona da aska, Garba bai sani ba. Ka ce mashi shi tai. Da nawa na tsaye, wallahi da ban bari ba."

Gida

Da la'asar na shigo. Baba ya ji saƙo, ya ce da dusasshiyar murya a miƙo takardar amincewa da aikin, ya sa hannu. Zancen hannun Labbo kam ban faɗa masa ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa tsohon da ya yarda ya nuna mini hannunsa.