Shekarar da Muka Yi Shiru

Takardar sakamakona ta jami'a shafi biyu ce, kuma duk wanda ya riƙe ta ina gane lokacin da idonsa ya faɗa rami. Shekarar farko maki masu kyau, har da na taƙama. Ta uku da ta huɗu ma ba laifi. Amma ta biyu, Allah Ya kyauta: kwas uku na faɗi warwas, sauran da ƙyar na tsallake. Da aka haɗa aka raba, digirina na kimiyyar halittu ya fito da daraja ta biyu, ƙaramar, irin wadda ake karɓa ba a yi wa mutum barka da ƙarfi.

Ni kuwa likita nake so in zama, kuma ba tun jiya ba. Hamma, wato yayana, ɗan farin Innarmu, shi ya laƙaba mini "Likita" tun ina firamare, ranar da na ɗaure wa akuyarmu karaya da kara da tsumma. Akuyar ta mutu bayan kwana biyu, sunan bai mutu ba. Inna dai ba ta taɓa kirana da shi ba. Ta ce ita ba ta raɗa suna a kan gawar akuya.

Bayan bautar ƙasa na nemi shiga likitanci kai tsaye daga aji biyu, kamar yadda masu digiri ke yi. Ba a ɗauke ni ba. Wani ma'aikaci a ofishin ɗaukar ɗalibai ya tausaya mini, ya ce in ina so in sake gwadawa to in zo da abin da zai tallafi wannan gurguwar takarda: in gyara makin fiziks na sakandare, in yi aiki a asibiti ko da na sa kai ne, in samo wasiƙar likitan da ya san ni. Ya ɗora yatsa a kan shekara ta biyu ya ce, "Wannan kuma za su tambaye ka. Me ya faru?"

Na ce, "Ba komai."

Amsar da nake ba kowa ke nan, kuma ƙarya ce. Hamma fataucin wake yake yi. A farkon waccan shekara ta biyu ya tafi saro kaya can gaba da Biu, bai dawo ba. Ba mota, ba gawa, ba wanda ya ce ya gani. Na bar aji na shiga yawo da hotonsa a aljihu, daga tasha zuwa asibiti, daga asibiti zuwa ɗakin ajiye gawa. Jarrabawa ta same ni ina tsaye a bakin hanya ina tambayar direbobi.

Abu biyu suka rufe mini baki. Na farko zamanin: in ka ce saurayin gidanku ya ɓace a waccan hanya, wani zai tausaya, wani kuma zai ja kujerarsa baya kaɗan, yana tunanin ko daji ya shiga da ƙafarsa. Na biyu Inna. Bafulatana ce ta ainihi, kuma Hamma ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yaba shi gaban mutane, sai dai "wancan" ko "mai waken nan". Da ya ɓace ma haka ta ci gaba. Mata su zo jaje, ta ce, "Na Allah ne," ta miƙo musu ruwa. Ban taɓa ganin hawayenta ba. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba, haushi mai tsanani. Amma a gida ɗaya muke a unguwar Jekadafari, ni da ita kaɗai tun da Baba ya rasu ƙannena mata suka yi aure, kuma a hankali na koyi irin shirunta har na fi ta iyawa.

Shekarar gyaran takarda ita ce mafi kaɗaici a rayuwata. Sa'o'ina sun kama aiki, wasu har da goyo a gida. Ni kuwa da gemuna na zauna jarrabawar fiziks a tsakiyar yara, mai sa ido yana ta kallona ko an ɗauko ni haya ne. Majalisar ƙofar gida ta watse, kowa na tsoron taro. Jaka ta zama abin zargi, don haka a farar leda nake zuba littattafaina, kowa ya ga ba komai ciki sai wahala. A kowane shinge mu sauka daga babur, mai babur ya tura, ni in bi shi a baya da ledata. In na dawo Inna ta ce, "An dawo?" in ce, "An dawo." Hirar yini ke nan.

Aikin sa kai na samu a wani asibiti da 'yan gudun hijira suka yi wa yawa. Aka haɗa ni da wata tsohuwar likita, 'yar ƙabilar Tangale, gajeruwa mai kaifin baki, wadda kowa ke kira Mama Dakta. Aikina fito da kati, auna nauyi, da tafinta in an kawo wanda ba ya jin Hausa sai Fulatanci. Wata huɗu ina bin ta kamar jela ban iya buɗe baki na roƙi wasiƙa ba. Da na daure na miƙa mata takarduna, ta duba, idonta ya faɗa ramin da na sani.

"Nan fa?"

"Ba komai, Mama."

Ta mayar mini da su. "To ni ma ba komai zan rubuta. Kira na gaba."

Ranar na koma gida ina zaginta a zuci tun daga ƙofar asibiti har Jekadafari.

Bayan kamar mako biyu aka kawo wata dattijuwa da zazzaɓi ya ƙi saki. Wani magidanci ne ya kawo ta, sun gudo daga wani ƙauye a Borno. Mama Dakta ta ce in tambaye ta ina ke ciwo. Na tambaya, ta ce, "Jam," wato lafiya. Kai? Jam. Ciki? Jam. Gumi na tsiyaya daga goshinta, tana cije leɓe, amma jam. Mama Dakta ta fara ƙufula, ta ce wa mutumin ya matso ya yi wa uwarsa magana.

Sai na lura bai matso ba. Tun shigowarsu ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsuguna can gefe yana kallon ƙasa. Ita kuma ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na san wannan zaman, a cikinsa na girma.

Na ce, "Mama, ba ɗanta ba ne. Surukinta ne, mijin 'yarta. Ko mutuwa za ta yi ba za ta faɗa a gabansa ba."

Na roƙe shi ya je ya sayo ruwa, ya fita da sauri kamar wanda aka kwance. Aka ja labule, na tsaya a bayansa ina fassara ba tare da na gan ta ba. Nan ta faɗa da ƙaramar murya: kututture ne ya soke ta a cinya ranar da suka gudu cikin daji. Sama da wata guda tana ɗaure wurin da tsumma. Da aka kwance, warin ya iso har inda nake. Mama Dakta ta ce da an ƙara mako, da ƙafar za a yi magana, ba da ciwon ba.

Da aka tashi aiki ta tsayar da ni tana wanke hannu.

"Kai da ka gane na tsohuwa, naka fa? Na tambaye ka, ka ce mini jam. Waye surukinka a ɗakin nan, in kore shi?"

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na zauna a kan benci na faɗa mata duka. Karo na farko ke nan da na faɗa wa wani. Ba ta ce mini sannu ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan rubuta abin da na gani yau. Shekara ta biyu kuwa ba ni na yi ta ba. Kai za ka rubuta, shafi ɗaya, ban da kuka, ban da roƙo."

Kwana biyar na yi a kan shafin nan. Na kai aka buga mini da Turanci a wani shago a Arawa, nesa da unguwarmu, don kada mai bugawa ya san ni. Amma na kasa kai takardar ko'ina. Maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, ba zan fitar da ita daga gida a ɓoye ba.

Da la'asar na sami Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na ce akwai takardar da zan kai makaranta, ina so ta ji. Na tsuguna nesa kaɗan, ina karantawa ina juya mata da Fulatanci. Da na zo sunan Hamma na tsallake, na ce "wancan". Ba ta ɗago ba. Hannunta na ta aiki a cikin faifai, na ce a raina, ka gani, ko yanzu ma dutse ce. Na karanta cewa ya bar gida ranar Laraba da safe.

"Alhamis," in ji ta.

Na ɗago kai daga takardar.

"Alhamis ce. Laraba ya so tafiya, na ce ya bari rigarsa ta bushe." Ta cire wata tsakuwa ta jefar. "Ni na ce ya kwana."

Ban iya ƙarasa karatun ba. Sama da shekara huɗu ina zaune da matar nan ina ganin ba ta ji komai ba, ashe kwana guda take ɗauke da shi ita kaɗai, ni ina ɗakin da ke kallon nata. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na ɗauki biro na soke Laraba na rubuta Alhamis a sama.

Haka na kai ta, ban sake bugawa ba. Ranar tantancewa malamai uku ne a bayan tebur. Na tsakiyar ya karanta wasiƙar Mama Dakta, ya karanta shafina, ya ce me ya sa mai neman likitanci zai kawo takarda da gyaran biro. Na ce mahaifiyata ce ta gyara, kuma ita ta fi ni sani. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya shiga yi mini tambayoyi a kan zagayawar jini.

Sunana ya fito can ƙasan jerin waɗanda aka ɗauka. Na karanta shi sau uku a jikin allo, yara na ta ihu suna rungumar juna a gefena. Na ciro waya na riƙe, na rasa wanda zan kira. Mutum ɗaya ne zai yi ihun da ya fi nasu, kuma lambarsa tana nan a wayar, ban taɓa gogewa ba. Na mayar da ita aljihu na nemi mota.

Na iske Inna tana hura wuta. Na faɗa mata. Ta ce, "Madalla," ta ci gaba da fifita, kamar na ce mata an kawo ruwan famfo. Ban ji haushi ba wannan karon. Na shiga ɗaki na zauna a bakin katifa da takalmina a ƙafa.

Can na ji ta ajiye kwano a bakin ƙofa. Ta ɗan tsaya, ba ta ɗaga labule ba.

"Likita," ta ce, "ga abinci."