Jerin da Sirin Ta Rufe

Sirin Triki ta tashi a Sfax ta ƙasar Tunisiya cikin ƙamshin man zaitun, domin mahaifinta a gidan matsa ya tsufa. Ita kuwa ilimin kwamfuta ta karanta, ta kama aiki a wani ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar injinan matsa. Gidan da mahaifinta ya yi wa aiki ma, da bakin tsohon suka yarda suka sa manhajar.

Akwai sashen da ke gaya wa inji yadda zai dama zaitun. Tun asali a buɗe aka bar shi, mai rubutu ya sa kalmar da ya ga dama. In sashen bai san kalmar ba, ba ya ƙorafi, sai ya sa injin ya dama da zafi. Bara wani manomi ya nemi tsaka-tsaki, ba sanyi ba zafi, abokin aikinta Wajdi ya rubuta "ɗumi" bai gaya wa kowa ba. Injin ya dafa zaitun ɗin mutumin, man ya fito lami. Mai gidan matsar ya kira mahaifin Sirin, ya ce in aka sake zai cire manhajar.

Da kaka ta gabato, Sirin ta ce a rufe sashen da ƙayyadadden jeri: sanyi, zafi, wanki. Duk abin da ba ya ciki, manhajar ta ƙi tashi tun a ofis.

"'Yata, an kusa fara tsinka," in ji Si Munsif, mai kamfanin. "Ki bari sai bayan kaka."

"Bayan kaka ai man ya riga ya fito, Si Munsif."

Wajdi ya juyo da kujerarsa. "Hajiya kwastan! Yanzu kalma ɗaya ma sai da biza?"

"Wanda ya dafa wa mutum gonarsa, ko fasfo bai kamata a ba shi ba."

Si Munsif ya yi dariya, ya ce ta yi, amma in an makara ita za ta amsa waya.

Aikin ya fi yadda ta zata. Da ta rufe jerin, manhajar ta cije a wurare da dama: "sauri", "a hankali", har da sunan wani kwastoma, kalmomin da aka yi ta cusawa shekara da shekaru. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kwanon miyar lablabinta yana hucewa a gefe. An makara kaɗan, kuma ita ta amsa wayar.

Ana tsakiyar matsa manomin nan ya dawo, tsaka-tsakin dai yake so. Wajdi ya rubuta kalmarsa, manhajar ta ƙi. Ya taso ya tsaya a kanta.

"Ranki ya daɗe, biza nake nema."

Suka kira mai gidan matsar ya faɗi iyakar ɗumin da ake nufi, aka koya wa injin, sannan Sirin ta ƙara kalma ta huɗu a jerin.

Ranar Juma'a manomin ya aiko wa mahaifinta kwalbar sabon mai. Tsohon ya tsoma burodi, ya tauna a hankali, man ya ɗan kama masa maƙogwaro kamar yadda mai kyau yake yi, ya yi tari. Ya miƙa hannu ya sake tsomawa.