Shekarar da Malam Abdussalam Ya Hana Dashe

Duk wanda ya san Malam Abdussalam na wajen Zakirai ya san ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha. Matarsa Sakinatu ta daɗe da daina shimfiɗa masa tabarma.

Shekara talatin yana renon irin tumatir a bedi ɗaya, ɗan filin reno a bakin rijiyar bayan gida, inda mahaifinsa ya rena. In lokacin dashe ya yi, kowa a ƙauyen sai ya zo da daro ya ɗiba kyauta. Da wannan aka san shi, kuma maganar gaskiya, yana son a faɗa.

Sai wata shekara tumatirin damina ya fara mutuwa a tsaye a gonakin ƙauyen. Ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, ya langaɓe da rana, sati biyu ya bushe. Malam ya barbaɗa toka, ya yi feshi, a banza. Ya zaga gonaki har silifas ɗinsa ya tsinke, ya gano abin da ya tayar masa da hankali: gonar da ba ta ɗauki dashensa ba shar take.

Ya kai wa Ikrima, malamin gona, tushe ɗaya. Ikrima ya tsaga karan, cikinsa duk ya yi ruwan ƙasa.

"Baba, ciwon a ƙasa yake, ta saiwa yake shiga. Ƙasar bedinka ce ke raka dashen."

"To, maganin fa?"

"A tuge a ƙone. Da bazara a jiƙa wurin, a rufe da farar leda sati shida, rana ta dafa shi. A zuba dakakken 'ya'yan darbejiya. Gonakin kuma su koma dawa na 'yan shekaru."

Kwana uku yana kai-komo tsakanin rijiya da zaure, ga dashen rani ya isa ɗiba. Ranar Juma'a ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa cewa dashensa ne ke kai ciwon, bana ba zai bayar ba, kunya kamar ya nutse.

Yana cikin ƙona bedin sai ga Hure, maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu, da daronta. Labari bai kai mata ba.

"Bana babu, Hure," in ji shi, ya gaya mata dalili da maganin da Ikrima ya faɗa.

Ta juya da daro ba komai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don bai taɓa mayar da kowa haka ba.

Washegari ta dawo, daron cike da 'ya'yan darbejiya da ta tsinto. Ta dire a gabansa.

"A daka, Malam. Baɗi zan dawo."

Ya nemi bakin rijiya ya zauna.