Safinatu da Wayar da Ta Kira Mamaci

Kafin masu shagunan bakin titin Bodinga su gama yayyafa ruwa a ƙofa, Safinatu Maniru ta riga ta buɗe ɗan ɗakin da kamfaninsu yake kira ofis. Ofis dai, in ji su. Tebur ne da benci, da fanka mai ƙara ba iska, da wayoyi biyu da ba sa hutawa. Ba ta kaiwa ga zama kira yake fara shigowa. Wannan tela ne daga Sifawa, yana rantsuwa awon mutane ya ɓace daga wayarsa, alhali shi ya danna abin da bai sani ba. Wancan daga Shagari, ya kira ne kawai don ya sanar da ita wayarsa ta faɗa randa. Kowa sai ta gaishe shi, ta tambayi iyali da dabbobi da ruwan bana, sannan a zo ga matsala. Ni da nake sayar da zare da maɓallai a shagon da ke jikin nasu, shekara da shekaru ina jin wannan ta bango, wani lokacin har raina ya ɓaci a madadinta.

Ga wanda bai san kamfanin ba, wani ɗan garin nan ne, Saifuddeen, ya kafa shi bayan ya gama karatun kwamfuta. Manhaja suka yi wa teloli. Tana ajiye awon mutum, tana tuna wa tela ranar da ya yi alkawari, in ɗinki ya kammala ta sanar da mai kaya. A wannan ɗakin aka fara, Safinatu na cikin waɗanda suka share shi ranar farko. Allah ya sa albarka, abu ya bunƙasa, yanzu suna da bene a Sakkwato da ma'aikata masu rataye kati a wuya. Ita aka bar ta nan ta kula da telolin ƙauye. Kwanan baya suka yi bikin cika shekaru, aka kira sunaye aka raba lambobin yabo, har wanda ya zo jiya ya samu, nata sunan ko a bakin mai sanarwa bai faɗo ba. Da na yi mata magana sai ta yi dariya ta ce ai ta ji an ci shinkafa mai kyau. Wannan dariyar ce ta ƙular da ni har na ɗauki biro.

Bari in ba ku labari ɗaya, wanda mutanen Dandin Mahe da Mandera za su shaida.

Da yake yawancin masu kai ɗinki a ƙauye ba sa karanta saƙon boko, sai kamfani ya kawo dabara: a ɗauki muryar tela sau ɗaya, in aiki ya kammala waya ta kira mai kaya ta saka masa muryar. Safinatu ce ta bi shago shago tana ɗauka. A Dandin Mahe akwai Mode, dattijon tela mai keken ƙafa, wanda ya daskare a gaban waya kamar an kai shi gaban alƙali. Ita ta lallaɓa shi ta ce ya saki jiki, ya yi irin wasan da yake yi da mutanensa, shi kuwa ya yi. Daga baya ofishin Sakkwato ya ƙara wata dabara, wai tunda mutane suna jinkirin karɓar kaya, wayar ta riƙa maimaita kira duk mako har sai tela ya danna cewa an karɓa. Sun sanar da teloli, ba a ce ba su sanar ba. A rubuce suka sanar, da boko, ga mutanen da aka ƙirƙiro muryar saboda ba sa karanta boko.

Alhaji Attahiru na Mandera, mai shanu ne, tun suna samari Mode yake yi masa ɗinki. Ya kai shadda a yi masa babbar riga, Mode ya gama ya danna, kafin Alhaji ya zo karɓa ciwo ya kwantar da shi, Allah ya yi masa rasuwa. Mode ya je jana'iza, da kafaɗarsa aka ɗauki makara. Rigar ya ninke ya ajiye sai zafin mutuwa ya lafa. Bai danna an karɓa ba, don ba a karɓa ba, shi kuwa Mode ko waya ba ya yi wa ƙarya.

Ranar sadakar bakwai zaure ya cika. Mode ya yi addu'a ya tashi, bai daɗe da fita ba sai wayar marigayi ta yi ƙara a aljihun babban ɗansa Surajo. Ya ɗauka mai ta'aziyya ne daga nesa, ya buɗe murya don kowa ya ce amin. Sai ga Mode, cikin raha, har da 'yar dariya:

"Ranka shi daɗe, Mode na tela. Ɗinkinka ya kammala, kai muka jira. Kada ka sa in biyo ka har gida."

Wanda yake wurin ya gaya mini wani tsoho a zauren salati kawai ya riƙa yi. Wa zai tsaya yi wa mutane bayanin manhaja a wannan hali? Muryar Mode suka ji, Moden da ya tashi daga tabarmar nan yanzu. Mako ya zagayo wayar ta sake kira, a lokacin tana cikin gida, a hannun matar marigayi, Inna Ladi, tana zaman takaba.

Surajo ya ce har abada zaren Mode ba zai sake taɓa jikin ɗan gidansu ba. Magana ta shiga kasuwa, ta fito da ƙari. Mutane suka fara zuwa shagon suna karɓe yadudduka ba a ko sa musu almakashi ba. Mutumin da ya tsufa ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya koma sai ya jira an watse sannan ya fito daga masallaci. Ya je Mandera ba da haƙuri, Surajo ya ƙi fitowa. Ranar da ya zo Bodinga na gan shi, ya zauna a bencin nan ya ce, "Safinatu, ni na ɗauki makarar bawan Allah wanga."

Ta kira Sakkwato. Saifuddeen ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, ya yi salati ya nuna damuwa, ya ce za a ƙara wurin dannawa na wanda ya rasu. Sannan ya ce a tura saƙon ban haƙuri zuwa lambar. Jama'a, ku ji fa. Waya ta yi ɓarna a gidan mutuwa, maganin da aka gani shi ne a sake sa wayar ta yi ƙara. Ta bango na ji Safinatu ta ce masa muddin tana kan kujerar nan, wannan lambar ba za ta ƙara motsi da sunan kamfani ba. Ta dakatar da kiran murya na duk telolin yankinta ba tare da ta jira izini ba, aka yi mata faɗa a kan haka, ta ce ta ji. Ta rufe ofis ta nemi motar Shagari, ta nufi Mandera gidan marigayi.

Gyaran manhaja bai ɗauki yini ba. Na mutuncin Mode ne ba mai iya yi daga bene, don inda abin ya fi yin ciwo ɗakin mai takaba ne, kuma ba Mode ba Saifuddeen ba, babu namijin da zai taka can. Zuwanta na farko ta'aziyya kawai ta yi, ta zauna cikin mata, ta taya su wanke kwanuka, ba ta ambaci kamfani ba. A na biyu ta durƙusa gaban Inna Ladi ta ce, "Inna, muryar Mode ce, amma ba shi ya kira ba. Ni na ɗauki muryar, ni na ce ya yi wasa a ciki. In fushi ne, ga ni." Inna Ladi ta juya fuska ga bango.

Daga ofis aka ba ta shawarar ta kunna musu muryar a wayarta, su ji da kunnensu cewa ɗauka ce aka yi. Hujja ce mai kyau, da ta wanke kowa nan take. Ta ƙi. Ta ce matar nan ta ji muryar sau ɗaya ita kaɗai a ɗaki, ya ishe ta. Sai ta ci gaba da zuwa, kan babur ɗin kabu-kabu, cikin damina, wata rana ta dawo caɓo har gwiwa. Na ce mata ke Safinatu, kamfanin na ubanki ne? Ta ce a'a, amma ita ta ce wa Mode ya saki jiki.

Ke ce, Safinatu 'yar Maniru, mai faɗin kunne, wadda kika ɗauki laifin da aka raba wa mutane da yawa kika ɗora wa kanki ke kaɗai, don a samu fuskar da za a yi wa fushi. Ke ce kike gaida mutum kafin ki tambaye shi matsalarsa, ko da ana jiranki a ɗaya wayar. Kina ba ni haushi, wallahi, da rashin iya tsayawa a yabe ki, da cin abinci a tsaye, da amsa kiran wanda ya zage ki jiya kamar ba a yi ba. Amma na zauna kusa da aikinki na ga abin da bene bai gani ba.

Da takaba ta kusa ƙarewa, Inna Ladi ta sa aka kira Surajo ya tsaya bakin ƙofa. A gabansa ta ɗauko turmin atamfar da za ta fita takaba da ita, ta haɗa da wata tsohuwar rigarta don a ga awo, ta miƙa wa Safinatu.

"Kai ma Mode. In ya gama, kada wagga waya ta kira ni. Ke za ki taho ki gaya min."

Safinatu ba ta kai a ɓoye ba. Ta jira ranar kasuwar Dandin Mahe, ta ɗora atamfar a kan keken Mode mutane suna kallo, ta faɗi sunan mai ita yadda na ƙofar shago zai ji. Sun ce Mode ya ɗauki zare zai zura a allura, ya yi ya yi ya kasa, sai maƙwabcinsa ne ya zura masa.

Mun gode, Safinatu. Allah ya saka miki, ya raya zuriyarki, ya ba ki masu zuwa gare ki da ƙafa ranar da kike buƙata. Ku kuma 'ya'yanmu masu ƙera manhaja, muna alfahari da ku, Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma ku yi koyi da matar nan. Kafin wayarku ta kira mutum, a samu wani a cikinku da ya san ko yana raye.