Kunyar 'Yar Fari a Sinimar Mota

Watan 'yata huɗu a duniya lokacin da mijina ya zo mini da zancen sinimar mota. Muna zaune a hawa na biyar na wani tsohon bene a unguwar Highbridge, a nan Amurka, ɗaki ɗaya da falo, kuma tun ranar da aka sallamo ni daga asibiti ban taɓa yin awa biyu a jere hannuna babu yarinyar nan ba. Ba uwa, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce kawo ta ki watsa ruwa. Da a Maraɗi na haihu, sai na yi roƙo kafin a miƙo mini ita in shayar. A nan kuwa ni ce uwa, ni ce kaka, ni ce 'yar raino. Ga ta da kukan yamma. Da rana ta yi sanyi sai ta ɗauka, ba ta saukewa sai ta gaji don kanta.

Shi mijin nawa yana da tebur a bakin titi, yana sayar da huluna da tabarau da cajar waya. Ba zan yi masa sharri ba, in ya dawo muka rufe ƙofa yakan ɗauke ta, ya yi mata rawa, har waƙa yake mata da wannan murya tasa da ko akuya ba za ta yi hassada ba. Amma minti goma ne, barci ya kwashe shi a kan kujera.

Wani mai saye ne ya ba shi labarin sinimar. Fili ne can arewa, wajen gari, an kafa ƙaton allo fari. Ka shiga da motarka, ka tsaya, ka yi kallo daga ciki, sautin fim ɗin kuma ta rediyon motar yake fitowa. Jariri ya yi kukansa son ransa, ba mai harararka.

"Ke dai ki zamna ki yi kallo," in ji mijina. "Ni zan riƙe ta tun hwarko har ƙarshe. Ko ta yi kuka, nawa ne."

Na sa shi ya maimaita, ya maimaita har da rantsuwa. Fim ɗin bai dame ni ba, ko sunansa ban tambaya ba. Awa biyun nan nake so, in zauna hannuna a kan cinyata, babu kowa a jikina.

Ba mu da mota, don haka ya ce zai aro ta Baffa. Baffa ƙanin mahaifinsa ne, yana da shago a unguwar Morrisania, kuma shi ya kawo shi ƙasar nan. Ranar Asabar tun safe na tatsi nono kwalba biyu, na soya nama, na ciro leshin da ban sake sawa ba tun ranar suna, har kwalli na zizara. Muka sauko da kujerar jarirai da jaka da tabarma. Ina fitowa ƙofa na ga Baffa zaune a kan sitiyari, ya kafa hula.

"Bon, ku shigo," ya ce. "Motar ga ba mai tuƙa ta sai ni, inshora sunana gare ta. Kuma ni ma shekara ashirin ina garin ga ban taɓa ganin wannan abu ba."

Na rusuna na gaishe shi. Na san abin da zai biyo baya. A wajenmu mutum ba ya ɗaukar ɗansa na fari a gaban manya, ba ya kiran sunansa, ba ya ma nuna ya san da shi. Ni ma a ciki na tashi. Har ta rasu ban ji mahaifiyata ta ambaci sunan babban wanmu ba. Sai dai can, in uba ya kau da kai, hannu goma ne ke jiran yaron. A motar nan hannu shida ne kacal, biyu na kan sitiyari.

Mijina ya shiga gaba. Tafiyar awa ɗaya da rabi, suna ta hirar kuɗin haya da farashin gero a gida, ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Muka isa, aka nuna mana wurin tsayawa, muka yi magariba a kan ciyawa a gefen mota. Duhu na shigowa allo ya haska, Baffa ya murɗa rediyo, ita kuma kamar jira take, ta ɓare baki.

"Amarya, ba ta nono mana," in ji Baffa.

Na ba ta, ta tsotsa ta ture. Na ba ta kwalba, ta ture. Baffa dai ya yi nasa ƙoƙarin, ya juyo ya karɓe ta, ta ga gemu ta ƙara murya, ya miƙo mini ita da sauri kamar ya ɗauki garwashi. Na taɓa kafaɗar mijina a hankali.

"Malam."

"Mi ne ne?" Idonsa na kan allo.

"Ka ce za ka..."

"Ki goya ta mana, ki ɗan zaga da ita."

Ya ƙara sautin rediyo. Wallahi a lokacin na ji kamar in fizge hular Baffa in maka wa mijina. Amma ni ma 'yar tarbiyya ce, sai na buɗe ƙofa, na ɗaura zane a kan leshina, na goya ta na fita.

Can bayan layin motoci na ƙarshe na koma, inda kukanta ba zai dami kowa ba, ina kai da kawowa tsakanin shinge da banɗaki. Daga nan ina hango allon, mutane manya-manya suna motsa baki ba na jin komai, sai guntun magana in na gifta motar da ta sauke gilashi. Sauro suka samu ƙafafuna. A jikin wata mota na ga wani ƙaton Bature, hannu duk zane-zane, ya ɗaure jariri a ƙirji yana jijjiga shi yana kallo. Matarsa na ciki, ta miƙe ƙafa ta ɗora a gaban mota tana cin gugguru. Ba ta yi mini komai ba, amma na tsane ta tsana mai tsanani, kuma har yau ina iya tuna kalar silifas ɗinta.

Na fi awa ɗaya a haka. Da bayana ya fara ciwo na dawo wajen motarmu, na leƙa. Baffa ya yi barci. Hula ta zame, baki a buɗe, minshari har ya fi rediyon ƙara. Na ƙwanƙwasa gilashin gefen mijina, ya sauke.

"Ya yi barci," na ce. "Karɓe ta."

Ya juya ya dubi Baffa. Ya daɗe yana dubansa.

"In ya hwarka hwa?"

"In ya hwarka sai ya ga uba riƙe da ɗiyarshi. Kashe ka zai yi?"

"Ki yi haƙuri, saura kaɗan a gama."

Sai ya miƙo mini ledar gugguru ta taga. Na dubi ledar, na dube shi, na ce ya ci kayansa. Na koma bayan motoci na ci gaba da jijjiga. Nan ne na yi kuka, ni da ita tare, ita da ƙarfi ni a hankali.

Sai a hanyar dawowa ta yi barci. Da Baffa ya sauke mu a ƙofar gida, ya leƙo ta taga ya ce mini in gode wa Allah, na samu miji mai kunya, Amurka ba ta ɓata shi ba. Na ce na gode, Baffa, Allah ya ƙara girma.

Motar na shan kwana mijina ya ajiye jaka ya miƙo hannu biyu.

"Kawo ta, kin gaji."

Na ce a'a. Na gyara goyona na hau benen nan hawa biyar, yana biye da ni da kujerar jarirai babu kowa a ciki, yana ta ba ni labarin yadda fim ɗin ya ƙare. Daga ranar ban sake ce masa karɓe ta ba, shi kuma ya ɗauka na daina gajiya ne.