Kambun da aka rage

Lokacin mulkin soja, ni ke shiga gaba in an zo sauke kamiyo, babbar motar kaya, a mangaza, wato siton da ke bakin gadar Gaya. In saɓa buhun shinkafa a wuya in hau katakon da ake jingina wa mota, ba ka jin nishina. Lakwal, wato boko, ban yi nisa ba, kokawa na yi a Tanda, kuma abin da ta bar mini kambu ne na fata a damtsen dama. Da ƙyar yatsa ke shiga ƙarƙashinsa.

A wurinmu ƴan dako akwai ƙa'ida. Wanda ya ji ƙarfinsa na raguwa ya faɗa da bakinsa, sai a mai da shi ɗinkin buhu, ya ci abinci a inuwa har tsufa. Wanda ya bari ya faɗi gaban mai mangaza, shi ke nan, ya ɗauki gammonsa.

Shugabanmu ɗan garinmu ne. Ni na kawo shi, ni na koya masa karɓar buhu kada ya karya ƙugu. Kwano ɗaya muke ci. Bakinsa ya fi hannunsa aiki, shi ya sa aka naɗa shi, ban kuwa ji haushi ba.

Ana nan sai tumbi ya fito mini. A Gaya in ka yi tumbi har gaisuwa canzawa take. Mai shayi ya ce, "Alhaji, yaushe za a sayi kamiyo?" In shafa ciki in yi dariya. Amma wando ya matse ƙugu, ya yi yawa a cinya. In na tsuguna alwala sai na dafa bango in tashi. Wata rana ina wanka, kambun ya zame har gwiwar hannu.

Na nuna wa ɗan garinmu. Ya ce, "Haba yaya, fata ce ta saki da zufa. Hau baskil mu gani." Na hau ma'aunin buhuna, allura ta tsaya inda ta saba. "Ka gani? Ko kilo bai tafi ba. Tsoho mai cinye tuwon yara!" Ya karɓi kambun ya kai wa baduku wai a gyara, kambu ya dawo ya kama damtse tsam. Na yi masa godiya. Da ya sake zamewa bayan damina, ya sake kai shi, na sake godiya.

Ranar da aka kawo shinkafar gwamnati, sojoji na gadi, mai mangaza na tsaye, sai shugabanmu ya ce mini, "Yaya, buɗe mana hanya." Na saɓa buhun farko. A tsakiyar katako gwiwoyina suka ƙi ni. Buhu ya fashe. Wani soja ya ce, "Baba, ciki ka ɗauko ko buhu?" Kafin in karkaɗe jiki, ƙanin matar shugabanmu, wani ƙato da ya daɗe yana zaman jira a ƙofar mangaza, ya riga ya hau katako.

A gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya auna ƙwaurina da igiyar awo irin ta tela, ya auna ciki, ya ce in matse hannunsa. Ya ce, "Nama ya tafi, kitse ya zauna wurinsa, ga sukari a jini. Baskil ba ya bambanta su. Ba ka ga wata alama ba tun da wuri?"

Na gani mana. Daga can wurin baduku na nufa. Ya jujjuya kambun ya ce, "Fatar ba ta saki ba, malam. Ƙanin nan naka, shugabanku, ya ce in yanke in rage, kada in faɗa maka, wai kar ranka ya ɓaci."

Ɗinkin buhu wani aka ba. Ni yanzu albasa nake kasawa a bakin tasha. Ɗan garin namu yana wucewa a kan babur, ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, ina gajiya?" Nakan amsa, don ba a ƙin amsa gaisuwa. Kambun kuwa ya sake yi mini yawa, ban kai wa kowa ba.